Riƙon Bindiga da Tsayuwar Maharbi a Cikin Tafiya

"Assalamu alaikum, Baba. Ni matashi ne daga Daura. Shekara biyu ke nan ina bin mahaifina da abokansa farauta bayan an kawar da amfanin gona, ta wajen Sandamu da Baure. Idan ina tsaye nakan sami abin da na auna, amma da zarar muna cikin tafiya zomo ko zabo ya tashi, sai in yi harbi a iska, wani lokaci ma gindin bindigar ya doke ni a kunci. Na ga bidiyon sojoji suna tafiya suna harbi ba tare da sun tsaya ba. Yaya ake tsayuwa, kuma yaya ake riƙe raifil idan mutum yana cikin tafiya?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Tambayarka ta haɗa abu uku waɗanda ka ɗauka abu ɗaya ne: yadda ake ɗauke da bindiga ana tafiya, yadda ake sauya tafiya ta koma tsayuwa, da yadda ake harbin dabbar da ke gudu. Amsata a dunƙule ita ce maharbin daji ba ya harbi ƙafarsa tana sama. Abin da yake koyo shi ne tafiyar da za ta bar shi ya tsaya daram a taku ɗaya, kuma wanda ya ƙware a wannan, mai kallonsa daga nesa zai rantse bai tsaya ba.

Abin da ya sa tafiya take ɓata saiti

Raifil ta bambanta da bindiga mai baki biyu da yawancin mafarautanmu suka saba da ita. Mai baki biyu tana watsa ƙananan ƙwayoyin dalma masu yawa, suna buɗewa kamar an watsa tsaba, kuma amfaninta yakan ƙare a wajen mita 30 zuwa 40. Ita kuwa raifil harsashi ɗaya take fitarwa, a cikin bututunta akwai zane mai murɗiya da ke sa harsashin ya fita yana juyi kamar mazari, shi ya sa yake tafiya nesa a miƙe. Wannan alherin nata shi ne kuma wahalarta, domin ba ta yafe kuskure ko kaɗan. Ka yi lissafi da kanka: idan tsakanin tsagar saiti ta baya da ɗan tsinin da ke kan bakin bindiga rabin mita ne, to bakin ya goce da santimita ɗaya kacal, a nisan mita 50 harsashinka ya kauce da mita guda cur. Zomo gaba ɗayansa bai kai haka ba. Shi kuwa mutum mai tafiya, duk takun da ya yi kansa da kafaɗarsa suna hawa suna sauka, suna kuma karkata dama da hagu, fiye da santimita ɗaya nesa ba kusa ba. Ƙara da numfashin wanda ya yi awa biyu yana keta rairayin jigawa, da bugun zuciyar da fiffiken zabo ya razana, sai ka ga ba rashin iyawarka ba ne. Ka nemi abin da jikin ɗan Adam ba ya bayarwa ne.

Akwai wasa a gasar Olamfik ta lokacin sanyi, wanda aka shigar tun 1960, inda 'yan wasa suke tsere a kan ƙanƙara da raifil rataye a baya, sannan su harbi abin auna a nisan mita 50. Faɗin abin da suke harbi a tsaye santimita 11 da rabi ne, na kwance kuwa 4 da rabi. Waɗannan mutane ba su da sana'ar da ta wuce haɗa gudu da harbi, duk da haka babu wanda yake harbi yana tafe. Kowa sai ya tsaya, ya dasa ƙafa, ya sassauta numfashi. Haka ma gasar harbin abu mai gudu da aka daina yi a Olamfik bayan 2004, abin aunawar ne yake tafiya, maharbin yana tsaye wuri ɗaya.

Abin da ka gani a bidiyo gaskiya ne, amma aiki ne na yaƙi, a tazara gajera, inda tsayuwa kan iya jawo wa soja mutuwa, kuma ana koyar da shi ne a filin horo ƙarƙashin malami, da harsashi mai yawa da hukuma ta saya. Ni mafarauci ne, ba malamin soja ba, kuma ba zan koyar da wannan a rubuce ba. Zomo ba ya ramuwa, saboda haka ba ka da dalilin ɗaukar asarar saitin da soja yake ɗauka.

Ɗaukar bindiga ana tafe

A nan zan daɗe, domin a yini guda na farauta za ka yi awa shida ko bakwai kana ɗauke da bindiga, harbin kansa kuwa duka-duka bai cika minti ɗaya ba. Yawancin raunukan da na gani a daji ba a lokacin harbin dabba suka faru ba, a lokacin tafiya ne, ko tsallake shinge, ko hawa babur.

Riƙon da ya fi dacewa idan kana sa ran abu zai tashi shi ne na hannu biyu. Idan kai badame ne, hannun dama yana kama wuyan ƙotar, wato siririn wurin da ke bayan kunama, hannun hagu yana tallafe da katakon gaba, bindigar tana gicciye a gaban ƙirjinka, gindinta kusa da haƙarƙarin dama, bakinta yana duban sama ta gefen da babu kowa, ko kuma ƙasa 'yan taku kaɗan a gabanka. Yatsanka manuni yana miƙe a jikin bindiga, sama da zoben ƙarfen da ya kewaye kunama, ba a cikin zoben ba. Makullin kunama yana rufe, babban yatsanka yana kusa da shi, ba za a buɗe ba sai bindiga tana kan hanyarta ta zuwa kafaɗa. Dalilin wannan magana ta yatsa ba ladabi ba ne kawai. Mutum idan ya yi tuntuɓe ko ya firgita, hannunsa yakan damƙe da kansa ba tare da ya yi niyya ba, kuma idan hannu ɗaya ya damƙi reshe da ƙarfi, ɗayan ma yakan matse. Yatsan da ke kan kunama a wannan lokacin zai ja ta, ko da mai shi ya fi kowa natsuwa.

Na san wannan a jikina. Ina saurayi kamarka, muna keta wata gonar gero da aka girbe, ina tafe yatsana a cikin zobe saboda ɗokin kada wani ya riga ni, sai ƙafata ta sarƙe da kututturen kara a kan kunya. Ban faɗi ba ma, tangaɗi kawai na yi, bindiga ta tashi. Ƙasa ta yi tsalle bai fi kamu uku daga diddigen yayana ba. Bai ce mini uffan ba, ya karɓi bindigar, ya miƙa mini jakar guzuri, kuma ita na ɗauka har ƙarshen ranin nan. Abin da ya cece shi shi ne bakin bindigar yana duban ƙasa. Da a kwance nake riƙe da ita a ƙugu, kamar yadda nake ganin samari suna yi yanzu, da wani labarin nake ba ka.

Wannan ladabi ba Turawa suka kawo mana shi ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibiyoyi ya riƙe tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi rauni, kuma ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Bakin bindiga shi ne tsinin kibiyar zamaninmu.

Idan tafiya ta yi nisa kuma ba a sa ran komai, sai ka rataya ta a kafaɗa bakinta sama, hannunka yana riƙe da maratayin don kada ta yi lilo, amma ka sauke ta kafin ka shiga sarƙaƙiyar sabara ko geza, inda reshe kan kama kunama ko ya buɗe makulli. Rungumar ta a gwiwar hannu kamar jariri tana hutar da hannu, sai dai bakinta yana duban gefe ne, don haka ba a yin ta idan akwai mutum a wannan gefen. Saɓa ta a kafaɗa kamar fartanya ba ya halatta sai ga wanda yake ƙarshen layi, babu kowa bayansa. Idan kuka jeru kafaɗa da kafaɗa kuna kora, kowa yana da yankinsa a gabansa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na rabin da'ira, wato abin da idonsa ke gani sosai ba tare da ya juya wuya ba. Duk dabbar da ta fita daga yankinka ta zama rabon na kusa da kai, wadda ta koma baya ta ratsa layi kuwa ta sha. Wurin tsallake darni, ko gangara kwazazzabo, ko ƙetare rafi, a cire harsashi tukuna. Kuma duk lokacin da ka faɗi ko bakin bindiga ya taɓa ƙasa, ka cire harsashi ka leƙa bututun ta baya, domin ko rairayin da bai cika cokali ba yana iya fasa bututu a fuskar mai harbi.

Masu bindigar toka sun fi kowa bukatar wannan gargaɗi, tunda yawancin ƙirar maƙera ba ta da makulli. Ba a tafiya da ita kunama a ɗane. Idan ka ja ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita ka duba, ka bar bakinta yana duban inda ka auna har kusan minti guda, domin albarushi mai laima yakan yi jinkiri sannan ya kama.

Takun da ke zama tsayuwa

Ka taɓa lura da 'yar Fulani ɗauke da ƙwaryar nono, tana sauri a kan hanyar kasuwa, nonon bai zube ba? Gwiwoyinta da ƙugunta ne suke shanye girgizar, daga ƙirji zuwa sama kuwa kamar ba ita ke tafiya ba. Haka tafiyar maharbi take idan ya ji a jikinsa abu ya kusa. Taku gajeru, gwiwa a ɗan sassauce, diddige ya fara sauka sannan nauyi ya mirgina zuwa yatsu, ƙafafu kowace a layinta, ba a sa ɗaya a gaban ɗaya kamar mai bin igiya. Dogon taku shi ne babban abokin gabarka, domin idan zomo ya tashi ƙafafunka suna wage, sai ka yi taku biyu kafin ka daidaita, shi kuwa ya riga ya shige kalgo.

Da abu ya tashi, ƙafa ce take fara aiki, ba hannu ba. Badame yakan ajiye ƙafar hagu gaba kaɗan, yatsunta suna duban wurin da yake nufin harsashi ya sauka, ba wurin da dabbar ta taso ba. Ƙafar dama tana baya, a buɗe kaɗan, tazararsu kamar faɗin kafaɗunsa. Nauyin jiki ya fi yawa a ƙafar gaba, ƙirji ya ɗan rusuna gaba, har hanci ya zo daidai saman yatsun ƙafar hagu. Wanda ya jingina baya yana ɗaga ciki, kamar yadda masu tsoron ƙarar bindiga suke yi, shi ne wanda tunkuɗar bindiga take ɗagawa, bakin ya yi sama, harbin ya wuce ta kan dabba. Bahago sai ya juya duk wannan bayanin.

A daidai lokacin da ƙafar ke sauka, hannu biyu suna tura bindigar gaba kaɗan, sannan su ɗago ta, sannan su jawo ta baya ta zauna a kwarmin kafaɗa, wato wurin nan mai tsoka tsakanin ƙirji da kan kafaɗa, ƙasa da ƙashin da ya taso daga wuya. Tura ta gaba da farko yana hana gindinta kama riga a hammata. Shi ya sa babbar riga ko jallabiya ba tufafin farauta ba ne, kuma masu ɗinka layu a rigar farauta su bar kafaɗar dama fili, su mayar da su inda ba za su tare gindin bindiga ba.

Dukan da kake sha a kunci daga nan yake fitowa. Kana sauke kanka ne ka je neman bindiga, alhali ita ya kamata ta zo ta sami kuncinka kanka yana miƙe. Idan akwai rata tsakanin kunci da katako, ko tsakanin gindi da kafaɗa, bindigar takan sami filin gudu kafin ta same ka, sai tunkuɗa ta zama naushi. Idan kuwa ta manne da jiki tun farko, jikinka duka ne yake karɓar ta, sai ka ji kamar an ture ka da tafin hannu. Kuncinka ya sauka a wuri ɗaya kullum, domin idonka shi ne saitin ƙarshe na baya; in ya sauya wuri, komai ya sauya.

Game da ƙarfin riƙo, hannun dama ya kama kamar yadda kake gaisawa da tsaranka, ba kamar mai murɗe wuyan kaza ba, yatsu ukun ƙasa suna jan ƙotar a hankali zuwa kafaɗa, manuni kuwa a sake yake, yana aikinsa shi kaɗai. Tsokar gaɓar farko ta yatsa ce take hawa kunama, a matsa ta baya a miƙe, ba a fizga. Hannun hagu shi ne mai tuƙi. Idan dabba tana tsaye, gara ya matso baya, gwiwar hannu ta sauko ƙarƙashin bindiga kusa da haƙarƙari, don ƙashi ya ɗauki nauyin maimakon tsoka. Idan tana tafiya, sai ya miƙa gaba kaɗan don juyawa ta yi sauƙi. Numfashi kuwa, ka saki rabi ka dakata, kuma idan ka wuce daƙiƙa biyar ko shida ba ka harba ba, sauke ka sake, domin daga nan hannu rawa yake ƙarawa.

Wani abu da ba a cika dubawa ba shi ne ido. Kowane mutum yana da idon da ya rinjayi ɗayan, kuma ba dole ya dace da hannunsa ba. Ka nuna wani abu mai nisa da yatsa idanunka biyu a buɗe, sannan ka rufe na hagu; idan yatsan ya tsaya a kan abin, idon dama ne mai rinjaye, idan ya yi tsalle gefe, na hagu ne. Na ga yaran da aka yi ta yi wa dariya shekaru, ashe badamai ne masu idon hagu, kuma da suka koma harbi ta kafaɗar hagu ko suka riƙa lumshe idon hagu, sai aka daina dariyar.

Dabba mai gudu

Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, kuma a sha'anin nema da ƙoƙari gaskiya ne, amma a daji ban yarda da wannan karin magana ba. Dabbar da ka karya wa ƙafa ta tsere za ta je ta mutu a wahale, ta zama mushe, kai ba ka ci ba, ita ba ta rayu ba, alhali an umarce mu da kyautatawa ko a wurin yanka. Shi ya sa da raifil nake jira dabba ta tsaya, kuma sau da yawa takan tsaya: zomo yakan yi gudu ya laɓe, gada takan dakata ta waiwayo, musamman idan aka yi ɗan fito. A wannan dakatawar, in akwai hali, ka durƙusa ka ɗora gwiwar hannun hagu a kan gwiwar ƙafa, ko ka jingina da gawo ko aduwa hannunka yana tsakanin itacen da bindiga, ko ka yi amfani da sanduna biyu na gora da aka ɗaure su kusa da kai suka yi gwafa. Kowanne cikin waɗannan ya fi tsayuwa a sake.

Harbin abu mai gudu ko mai tashi aikin mai baki biyu ne. A ƙaddara zomo yana gicciyawa da gudun mita 10 a daƙiƙa, a nisan mita 30; ƙwayoyin dalma suna ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin su isa, a lokacin ya riga ya ci mita guda. Don haka bakin bindiga yakan taso daga bayansa, ya bi shi, ya wuce hancinsa, a matsa kunama ana cikin juyawa, kuma a ci gaba da juyawar bayan ƙara ta tashi. Juyawar daga ƙugu take fitowa, ƙafafu suna dashe. Mafi yawan kuskure a baya yake sauka, saboda maharbi ya tsayar da bindiga a daidai lokacin da ya ja.

Kada ka taɓa ɗaga raifil ga tsuntsu a sama ko a kan reshe, ko ga dabbar da ke kan tudu babu ƙasa a bayanta, ko ga agwagwar ruwa a kan tafki, domin harsashi yakan yi tsalle a kan ruwa da dutse. Ko ƙaramar raifil mai lamba .22 harsashinta yana wuce kilomita guda. Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce, kuma babu inda za ka miƙa kilomita guda ba ka ci karo da ruga, ko makiyayi, ko mata masu itace ba.

Abin da rubutu ba zai yi maka ba shi ne ya ga kafaɗarka. Tsawon ƙota ya dace da tsawon hannunka ko bai dace ba, kana runtse ido kafin ƙara ko ba ka yi, wannan sai wanda ya tsaya a bayanka, kuma mahaifinka ko Sarkin Bakan yankinku ya fi ni damar gani. Abin da za ka iya yi kai kaɗai shi ne ka cire harsashi, ka duba sau biyu, ka ajiye harsasan a wani ɗaki, sannan ka fuskanci katangar da babu kowa bayanta: taku uku, dasa ƙafa, ɗago bindiga, ba tare da jan kunama ba, sau 20 ko 30 a rana har wata guda. Ranar gwaji da harsashi kuma ka toshe kunnuwanka, domin ƙarar bindiga tana cin ji a hankali kuma ba ya dawowa.

Sai maganar takarda. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, har da raifil irin ta soja da ƙaramar bindiga ta hannu, haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Raifil ta farauta, da mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuma tana ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma duk cikinsu ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba. Lasisi na mutum ne, ba na gida ba, don haka na mahaifinka bai rufe ka ba. A halin da jihar Katsina take ciki, inda daji irin na Rugu ya fi ƙarfin mafarauci, saurayi da bindiga a kan babur abin zargi ne ga duk wanda ya hange shi. Ku sanar da mai gari da ofishin 'yan sanda kafin ku fita, bindiga ta kasance babu harsashi kuma a cikin jaka har ku bar gari, ku kuma dawo kafin magariba.